Rasuwar Uwar Ɗaki, Na'urar Leza ta Ɗakin Tiyata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, likitan maƙogwaro yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar Uwar Ɗaki, na'urar leza mai aiki da iskar kabon, wadda ta cika jiya da hantsi a ɗakin tiyata.

Marigayiya ta zauna lafiya da kowa. Da haske take yanka, tana yanka tana tsayar da jini, ba ta taɓa ɓata wa likita riga ba. Sai ya ɗora ɗan jan ɗigonta a kan ƙari, ya taka feda, ta ce "tit, tit", hayaƙi ya ɗan tashi, shi ke nan. Yabo kuwa shi ake yi wa, ita ko a jikinta.

Ƙauna ce ta yi ajalinta. Babbar nas, don gudun ƙura, ta ɗinka mata riga mai kauri har ƙasa, ta toshe kafar da take shan iska. Aka kunna ta a haka. Jikinta ya yi zafi, ta yi "gurrr", ta yi shiru. Injiniya ya duba, ya girgiza kai.

Ta rasu ta bar feda, da tabaran kare ido, da bututun zuƙe hayaƙi, da maraya ɗaya, wato likita.

Ta kuma bar surukarsa kwance a ɗakin mata, da ƙari a igiyar murya, an sa aikinta jibi. An roƙi tsohuwar a kai ta wani asibiti, ta ƙi, ta nuna shi da yatsa: mijin 'yarta kaɗai ta yarda da shi. Yanzu sai wuƙa, wadda rabonsa da ita tun yana da suma. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. In wuƙa ta ɗan goce, murya ta tafi har abada. Dangi kuwa duk sun san irin faɗan da muryar nan ta sha yi masa. Wa zai yarda kuskure ne? Ko matarsa, da safe, ta daɗe tana kallonsa.

Za a yi jana'iza gobe bayan zagayen marasa lafiya, a raka ta sito cikin rigar da ta kashe ta. Ana karɓar gaisuwa a ofishin likita. Masu zuwa su yi haƙuri, ba zai miƙa hannu ba, yana lallashinsa ya daina rawa kafin jibi.