Koyon Iyo a Kududdufin Bayan Gari

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na rantse sai na je na ga teku, ko da kuwa garinmu zai kife. Shekarar nan ce da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, ta kai ga in mutum zai je Ɗanbatta daga ƙauyenmu sai ya zauna ya yi shawara da aljihunsa. Masara ta zama sai wane da wane. A wannan marrar ne ni, malamin firamare, na bushi iska na ce zan tafi Lome ta ƙasar Togo yawon buɗe ido.

Laifin Sabi'u ne, abokina tun na ƙuruciya, wanda ke sayar da yadi a can. Kullum sai ya turo min hotuna a waya: ruwa shuɗi har iya ganinka, farin yashi, bishiyoyin kwakwa sun ranƙwafa kamar masu gaisuwa. Ya ce, "Kai dai ka kawo kanka idan an yi hutu. Ci da makwanci nawa ne." Shekara goma sha huɗu ina zana wa yara teku a allo da alli, alhali ban taɓa ganin ruwan da ya wuce na dam ba. Sai na ji abin ya tsaya min a rai.

Da na faɗa a majalisarmu ta gindin darbejiya, dariya aka kwashe da ita. Malam Audu tela ya ce, "Haba Malam, ana ta kai wa yake ta kaya? Mutane na neman na tuwo, kai kana neman kallon ruwa?"

Na ce, "Talauci ya raba ni da nama, ya sa na jingine babur. To ba zai hana ni kallon ikon Allah ba. Talaka ma ido gare shi."

Na shiga shiri ba kama hannun yaro. Na yi takardar tafiya. Na rubuta hanya a bayan littafin darasi: Kano, Legas, Kwatano, Lome. Na haddace gaisuwar Faransanci guda biyu. Har gajeren wando na saya a gwanjo, ja mai manyan furanni (kada ka tambaye ni dalili, shi na gani a hoto). Ana nan sai Sabi'u ya kira ya ce, "Af, ka dai iya ruwa ko?" Na ce, "Sosai ma." Maiɗakina Hadiza tana jina. Ta ce, "Malam, kai da ko wankan bokiti sai ka runtse ido?" Nan take na ƙudurta sai na mai da ƙaryar nan gaskiya.

Akwai kududdufi a bayan gari inda ake ɗibar ƙasar gini, damina ta cika shi taf. Na zaɓi ranar kasuwar Ɗanbatta, bayan azahar, lokacin da gari ke yin tsit. Na ɗaura jarkoki biyu da igiya a hammata, na cire riga, na yi bismilla, na kwanta rub da ciki a kan ruwa. Da farko abin gwanin daɗi, ina ta watsal-watsal da ƙafa, har ina cewa a raina ashe iyon ma suna ne. Kwatsam igiya ta kwance. Jarka ɗaya ta yi nata wuri, ɗayar ta juya ni. Na kurɓi ruwa mai ɗanɗanon kashin shanu, na sake kurɓa. Sai na ware murya: "Wayyo Allah! Jama'a a taimaka! Na mutu!" Har kalmar shahada na fara.

Sai na ji murya a kaina, a natse, ba ko gaggawa: "Malam, miƙe tsaye."

Na buɗe ido. Surukina ne, mahaifin Hadiza. Mutumin da shekara goma sha ɗaya ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Tsadar mota ta hana shi zuwa kasuwa, ya zo ɗibar ruwan da zai ba albasarsa. Ga shi tsaye kusa da ni, ya naɗe wando, bokiti a hannu, ruwan ko cinyarsa bai rufe ba.

Na miƙe. Ga ni tsirara daga cibiya zuwa sama, jan wando ya manne, laka har gira. To ka san sabo: ba a gaida suruki a tsaye. Kafin hankalina ya dawo sai kawai na durƙusa, na koma cikin ruwa har haɓa, na ce, "Baba, barka da rana."

Bawan Allahn nan ko murmushi bai yi ba. Ya amsa min gaisuwa tiryan-tiryan, ya gida, ya yara, ya makaranta, ni kuwa ina amsawa ruwa na shiga min baki. Da ya gama ya ce, "Allah ya sa na can ma iya nan zai tsaya maka." Ya cika bokitinsa ya tafi.

Shi bai faɗa wa kowa ba. Amma ihuna ya riga ya fito da matan gidajen bakin kududdufi, suna leƙe ta kan danga. Kafin in isa gida an raɗa min suna Na-Teku. Hadiza ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Yanzu dai ka haƙura ko?"

Na ce, "Haƙura? Ai kunyar da zan ji na riga na ji ta gaba ɗaya."

Washegari na koma, jibi ma haka, masu leƙe suka leƙa har suka gaji. Da hutu ya zo na tafi, kwana uku a hanya. Na tsaya a bakin teku ina kallon igiyar ruwa tana tasowa kamar gini, na yi ta tasbihi, hawaye na zuba. Ban bari ruwan ya wuce min idon sawu ba, kuma ban ga wanda ya isa ya ce ban je ba.

Abin da na koya dai shi ne, duk ruwan da ka faɗa, kafin ka tara wa kanka jama'a da ihu, fara sa ƙafa ka ji ko akwai ƙasa.