Rasuwar Hajiya Rikoda, Wadda Ta Tafi Da Kaset A Ciki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai ƙamshin ƙonanniyar waya, ni Tanimu mai ɗaukar murya, na gidan haya da ke bayan tasha a nan Suleja, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Hajiya Rikoda. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a kan teburinta, tana da shekara goma sha ɗaya a hannunmu. Hajiya muke ce mata domin daga Makka kawuna Sama'ila ya zo da ita, ni kuwa ko Kaduna ban taɓa wucewa ba.

Marigayiya ta yi zamanta a ɗakina wanda na manna wa kwalayen ƙwai da tsofaffin barguna, shi ne maƙwabcina Musaddiq, mai aiki a Abuja, yake kira sutudiyo. Duk wanda ba ya rubuta wasiƙa, wurinta yake zuwa ya zauna a tabarma ya faɗi saƙonsa, a kai kaset ɗin tasha. Ta ɗauki Hausa, ta ɗauki Gwari, ta ɗauki Yarbanci da Turancin buroka, ba ta taɓa tambayar mutum garinsu ba. Ba ta ƙara magana, ba ta ragewa. Sirrin rabin unguwar nan ya bi ta cikinta, ba wanda ya ji shi a majalisa. A mutane ma samun irinta sai an tona.

Ciwon ajali ya fara ne cikin azumi. Wani gurnani ya shiga ƙarƙashin muryarta, wuuun, ba ya hawa ba ya sauka. Wadda ta fara jin sa ita ce Inna Daso, tsohuwa mai daddawa daga Maje, wadda ɗanta Ja'afar yake ɗinki a Jidda shekara tara ke nan. Kowace shekara kaset ɗaya take aika masa ta hannun alhazai. Da na mayar mata ta saurara, sai ta ce ba za ta aika wannan ba, yaro zai zaci a injin niƙa take kwana. Sau uku tana takowa daga Maje, sau uku gurnanin yana korar ta.

Allah Ya sani na yi jinya. Na goge mata baki da auduga da sifirit. Na sake wayar makirfo, na cire masa safar da nake sa masa, na mayar. Na juya ta gabas, na juya ta yamma. A majalisa wani ya ce ƙura ce, wani ya ce baki ne ya kama ta, a yi mata hayaƙi, na yi. Wani tela ya ba ni man keke, na ɗiga mata. Na rungume ta zuwa kasuwa wurin Bamidele mai gyara, tana zuwa shagonsa ta yi magana tas kamar ranar da aka sayo ta. Ya ce lafiyarta ƙalau, in mayar da ita gida. Ni kuwa na ce a raina, ai haka mara lafiya yake, da ya ga likita sai ya miƙe. Na kuma lura in an ɗauke wuta na sa mata batir, gurnanin yakan tafi. Sai na ɗauka tsufa ne, abinci mai laushi take so. Duk wannan jinyar ina yin ta ne ina shan ruwan sanyi, domin Nnenna, wato Maman Uju ta ɗakin da ke jikin nawa, ta sayo firij farkon azumi tana sayar da ƙanƙara, kuma kullum sai ta aiko mini da tawa.

Ranar Talata da safe babu wuta. Inna Daso ta zo karo na huɗu, na sa batir sabo, ta zauna. Na ji Hajiya ta mayar da muryar tsohuwa fes: "Ja'afaru, kana jina? Idona ya fara tafiya. Ka zo in gan ka tun yana gani." Sauran ba zan rubuta ba, amana ce. Da tsohuwar ta gama ta share fuska da bakin zane, ta ce maganar da ta riƙe shekara tara ta fita, ba ta da wata a ciki, ko an sake ba ta makirfo ba za ta iya maimaitawa ba. Ta bar kaset ɗin in rubuta suna, ta tafi.

Bayan la'asar aka kawo wuta. Murna ta ɗebe ni, na ce yau zan raba Hajiya da ciwon nan gaba ɗaya. Na jona ta, na kwance bayanta da sukundireba, na fara murɗa 'yan ƙananan kusoshi masu launi ɗaya bayan ɗaya. Ban cire kaset ɗin ba. Ta ce ƙas. Ta yi ɗan hayaƙi, ba mai yawa ba, domin ita ko a mutuwa ba ta da hayaniya. Ƙofarta ta ƙi buɗewa har yanzu.

Abin da ya fi mini ciwo shi ne na yau da safe. Musaddiq ya kawo tasa rikodar aro don in rage kewa. Ina jona ta, sai wuuun, muryar ciwon nan sak. Muna tsaye muna kallon juna, Maman Uju ta zare firij ɗinta za ta wanke, gurnanin ya ɗauke ɗif. Wayar firij ɗin daga soket ɗina ta fita, ta ramin bango. Ni na huda ramin da hannuna, don zumuncin maƙwabtaka. Saboda haka ina shaida wa duniya cewa marigayiya ba ta yi ciwo ba ko na kwana ɗaya. Magani ne ya kashe ta.

Ta rasu ta bar lasifika biyu, ɗaya ba ya ji sosai, da makirfo da safarsa, da biro mai naɗe zaren kaset, da kaset arba'in marasa komai waɗanda ba su san abin da ya faru ba tukuna.

An fara kawo mini maganar wadda za ta maye gurbinta, ko uku ba a yi ba. Akwai mai baki biyu 'yar gwanjo a kasuwa, tana da fitilu kamar motar amarya, amma ba a san hannu nawa ta bi ba. Akwai 'yar ƙarama ta aljihu, ba ta cin wuta sai batir, sai dai tsohuwa ba za ta yarda ta faɗa wa abu kamar sabulu sirrinta ba. Bamidele ya ce kowacce na ɗauka, in fara toshe ramin bango. Na ce masa to.

Jana'iza gobe Alhamis da hantsi. Za a ɗauki gawa daga ɗakina zuwa shagon Bamidele, inda zai buɗe ta a hankali ya ciro kaset ɗin Inna Daso, domin alhajin da zai kai shi Asabar yake tafiya sansanin alhazai. Tsohuwa ba ta sani ba tukuna, ina roƙon kada wanda ya riga ni zuwa Maje. A taya mu addu'a zaren ya fito da rai. Bayan nan za a dawo da Hajiya a ɗora ta kan kabad, a rufe ta da ƙyallenta na saƙa.

Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida har magariba. Masu zuwa su yi haƙuri, ruwan randa za a ba su. Maman Uju ta kashe firij don girmama mamaciya.