Bazden 'Yar Sarkin Bariki

Idan ana lissafa manyan mutanen da ƙasar Karaye ta haifa a zamanin Turawa, duk wanda ya tsallake Malam Ɗanmaliki ya ci amanar tarihi. Sarki ne sukutum. Gaskiya ba a naɗa masa rawani ba, ba a kuma taɓa busa masa algaita ba, amma a rubuce yake a takardar En'e: Sarkin Bariki. Masarautarsa ɗakuna biyu ne na jinka da rumfa, a gefen hanyar da ta tashi daga Karaye ta nufi Rogo, inda Turawa ke sauka in sun fito rangadi. Talakawansa tsintsiya biyu ne, da tulu huɗu, da jemagun da ke cikin jinka. Harkokin mulki kuwa sun haɗa da shara, ɗebo ruwa, faskare, da nemo wa baƙo kaji da ƙwai.

Ilminsa ba na wasa ba ne. Yana saurayi ya yi wata huɗu cur a Kano yana jan igiyar fanka a gidan wani Bature. Shi yana zaune a baranda, igiyar ta bi ta wata kafa a bango ta shiga falo, ta wannan kafa ya ga duniya da ido ɗaya. Ya dawo gida da kalmomin Turanci goma sha ɗaya, wajen shida daga cikinsu zagi ne, bai sani ba. A gabansa mutane na ce masa Na-Ingila. In ya ba da baya, Ja-Igiya.

Shekara biyu bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, matarsa Tasalla ta haifi mace, aka sa mata Rahmatu. 'Yar fari ce. Ko yaro ya san uba ba ya kama sunan 'yar fari, balle ya ɗauke ta a gaban mutane. Amma Ɗanmaliki ya wuce wannan ajin. Ran wata kasuwa ya tsaya a rumfar mahauta, ya gyara zaman hular hana-sallarsa, ya yi wa al'umma jawabi.

"Jama'a, ina sanar da ku Rahmatu za ta cika shekara guda, kuma za a yi mata bazde. Na san ba ku san shi ba, ba laifinku ba ne. A Ingila, yaron da ba a yi wa bazde ba, ko ya girma ba a ba shi aikin ofis. Zan kuma gina mata nosare, wato ɗakin da jariri ke kwana shi kaɗai yana tunani. Komai da hannuna zan ƙera, don ba na son aikin ƙauye ya shiga ciki."

Wani mahauci ya tambaya ko bazden nan irin lambar da ake yi wa yara a damtse ce. Ɗanmaliki ya dube shi da tausayi, ya wuce.

Ainihin ranar da yarinya za ta cika shekara ta faɗo Talata. Sai dai an aiko cewa Baturen gona, wanda ake kira Mai Lofe, zai sauka a bariki Alhamis ta sama. Nan take Ɗanmaliki ya ɗage haihuwar 'yarsa da kwana tara. Lissafinsa a fili yake: Bature zai ga wayewa a tsakiyar daji, ya koma Kano ya ba da labari, a ɗauke shi daga gadin jemagu a kai shi babban barikin birni.

Aiki ya kankama. Ya fitar da tukwanen Tasalla daga ɗakin ajiya, ya shafe bango da farar ƙasa, ya zana jirgin ruwa da baƙin tukunya. Duk wanda ya leƙa sai ya yaba ƙwaryar. Daga nan ya juya kan gado. A gidan Bature ya ga gadon jariri mai sanduna kewaye, don haka ya farfasa akwatunan kananzir biyu ya yi ƙasa, ya ɗora su kan dogayen ƙafafu. Da ya rasa sanduna, ya rushe akurkin kajin bariki ya zare gwangwalarsa. Jibo kafinta, maƙwabcinsa, ya zo da zarto zai taimaka.

"Na gode, Jibo, amma wannan ba ƙyauren zaure ba ne. Aikin lissafi ne."

Ya yi wa gadon murfi saboda jemagu, da 'yar ƙofa a gefe mai sakata, ya shimfiɗa ciyawa mai laushi. A sama ya rataye murafun gwangwanin kifi guda takwas da zare, su riƙa juyawa suna ƙyalli don buɗe wa yarinya ƙwaƙwalwa. Kwana uku gidan na ƙarnin kifi, kyanwoyin unguwa suka dawo nan da zama.

Sai keken tura jariri. Ƙafafunsa daga tsohon turmi ya yanko su, na dama suka fi na hagu girma. Ko ina ka nufa da shi, sai ya yi kwana ya dawo da kai inda ka tashi. Ɗanmaliki ya ce da gangan ya yi, don kada a sace yarinya.

Abin da ya fi ci masa lokaci shi ne Tedi, wata dabba da 'ya'yan Turawa ke runguma. Ya ɗinka ta da tsohon bargon soja, ya cusa auduga, ya sa mata idanu da maɓallan kaki, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Da ya ga fuskar ba fara'a, ya ɗinka mata haƙora da wuri. Ranar da ya shanya ta a kan danga, akuyoyin Jibo suka tsinke igiya, sai a hanyar Yammedi aka tsinto su.

Ana saura kwana biyu aka yi gwaji. Ya karɓi Rahmatu daga bayan uwarta, ya kwantar da ita a gado, ya ajiye Tedi kusa da ita, ya ja sakata. Yarinya ta dubi Tedi, Tedi ta dube ta da ido ɗaya. Ƙarar da ta yi, sai da masu awon gyaɗa a bakin hanya suka ajiye buhu.

"Kada ki taɓa ta," in ji shi ga Tasalla. "Huhunta ne ke wayewa."

Ana cikin haka surukarsa Hajo ta yi sallama, ta taso daga Ruwan Bago da ƙwaryar nono da man shanu a ka. Bafulatana ce, ba ta haɗa ido da suruki, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ta sauke ƙwarya, ta zare sakata, ta ɗauki jikarta ta goya, sannan ta juya ga 'yarta.

"Tasalla, ki tambayi mutanen gidan nan, me yarinyar ta sata aka kulle ta?"

Daga ranar Rahmatu ba ta sake sauka daga bayan kakarta ba. In aka bi da ita ta ƙofar nosare, sai ta ƙanƙame wuyan tsohuwa.

Wannan bai karya gwiwar gwarzon ba. Ya shiga haɗa kek da kansa, don a gidan Turawa maza ke girki. Ya kwaɓa garin gero da zuma da ƙwai goma sha biyu, ya zuba a garwar kananzir, ya binne ta a garwashi tun hantsi har la'asar. Abin da ya fito baƙi ne, mai kusurwa huɗu, mai nauyin dutsen niƙa. Ya mulmula kyandir da kakin zuma, kaurin taɓarya, ya huda masa gurbi a tsakiyar kek ɗin da ƙusa. Tsofaffin jaridun da baƙi suka bari ya naɗa su huluna masu tsini. Duk wata igiya da ke gidan, har ta shanya da ta ɗaure kaji, ya kwashe ya rataya tsummokara masu launi daga rumfa zuwa bishiyar ɗorawa.

Alhamis ta zo. Aka fito da gado filin bariki, aka girke shi a inuwa inda ido zai fara sauka, aka ɗora Tedi a kan murfinsa. Ɗanmaliki ya tafi bakin hanya tarye. Tasalla kuwa ta rasa yadda za ta yi da kaji biyar da aka tanada don Bature. Akurki an rushe, igiya ta zama ado, ga shaho na shawagi. Ta duba ko'ina, ba ta ga abu mai murfi da sakata ba sai guda ɗaya. Ta zuba su, ta rufe, ta koma wajen tukunya.

Dattawa suka hallara, aka ɗora wa kowa hular jarida. Mai unguwa Gwadabe, ɗan shekara saba'in, ya zauna da tasa a kan rawani yana ta istigfari a hankali. Can sai ga motar Mai Lofe, shi da tafintansa Malam Halliru. Ɗanmaliki ya ƙame, ya sara, ya fara jawabin da ya yi mako yana haddacewa.

"Welkam sa. Berigud. Ranka ya daɗe, yau tarihi ya sauka a wannan bariki. Ni kaɗai a tsakanin Karaye da Rogo na gane cewa yaro ba kayan goyo ba ne. Abin da idona ya gani a Kano, hannuna ya ƙera a nan, ba injin, ba malami. In gwamnati na neman mutum mai hangen nesa, kada ta wahalar da kanta da nisa."

Malam Halliru ya taƙaita wa Bature duk wannan cikin kalma huɗu.

Aka kawo kek, aka kunna kyandir. Ƙa'ida ita ce mai bazde ta hure, amma mai bazde na barci a bayan kakarta, hannunta riƙe da ludayi. Uban ya wakilce ta. Da ya sunkuya, tsinin hularsa ta jarida ya riga bakinsa isa. Wuta ta kama labaran Ingila, Jibo ya juye masa tulu guda a ka, dattawa suka yi tafi don sun zaci haka ake yi. Wuƙa ta kasa kek, aka sa gatari. Bature ya karɓi rabonsa, ya shinshina, ya juya shi, ya zura a aljihu cikin ladabi.

Sai wata kaza ta yi kyarkyara.

Mai Lofe ya juya. Ya cire lofe daga baki, abin da tafintansa ya ce bai taɓa gani ba. Ya taka zuwa gadon, ya zagaya shi sau biyu, ya buɗe 'yar ƙofa, ya rufe, ya gwada sakata. Ya zura hannu cikin ciyawa ya fito da ƙwai mai ɗumi. Ya zaro ma'auni daga aljihu ya shiga awo, yana magana da sauri, fuskarsa ta yi ja don murna. Ɗanmaliki, jiƙe sharkaf, girarsa a ƙone, yana biye da shi yana cewa "Yasa, yasa" ga duk abin da ya fito.

Malam Halliru ya yi gyaran murya, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Bature ya ce shekara uku yana yawo yana koya wa mutane akurkin zamani, ba wanda ya gane sai kai. Ya ce ka ɗaga shi daga ƙasa saboda maciji, ka sa murfi saboda shaho, ka rataya gwangwani don korar tsuntsaye. Ya tambaya ko waccan dabbar mai haƙora ta tsorata muzuru ce, ka ce e. Ya tambaya ko za ka ƙera goma sha biyu a raba wa dagatai, daga Kurugu har Ruwan Bago, ka ce e. Ya ce mutum irinka ɓarna ce a kai shi birni, a nan ake bukatarka."

Mai unguwa Gwadabe ya cusa bakin rawani a baki, kafaɗunsa na rawa. Hajo ta ce wa 'yarta, ba ta ko ɗago kai ba, "Ashe dai mutanen gidan nan sun iya sana'a."

Bayan wata guda takardar yabo ta iso daga Kano, da hatimi, an buga ta da tafireta cikin Hausar boko. Ɗanmaliki bai iya boko ba, amma ya san abin da ke ciki. Ya kwana biyu yana shawara da zuciyarsa. A na uku ya sa ta a gilashi ya kafa a zaure, tunda ba wanda zai iya karantawa a unguwar. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa da sanda. "Daga gwamnati. Kan renon yara irin na zamani."

Haka aka tafi shekara takwas lafiya lau. Amma mutum mai hangen nesa ba ya barin 'yarsa a gida, don haka da aka buɗe ajin mata a elementare, shi ya fara kai tasa. Wata ranar Salla zaure ya cika da 'yan gaisuwa, ya ga dama ta samu ta nuna amfanin ilmi.

"Rahmatu, zo ki karanta wa iyayenki wani abu, su ji yadda ake yi."

Yarinya ta duba zauren, rubutu ɗaya ne a ciki. Ta hau kan kujera, ta sa yatsa a gilashi, ta karanta da murya mai zaƙi, baƙi bayan baƙi, ba tuntuɓe ko ɗaya.

"Ana yaba wa Malam Ɗanmaliki, Sarkin Bariki, saboda gwanintarsa wajen ƙera ɗakin kaji."

Ta sauko tana murmushi, ta tsaya a gabansa tana jiran ya ce berigud.