Matuƙin Jirgin Yaƙi a Zauren Baba Lawali

Wani ne a Gwandu ya tafi ci-rani Kaduna. Wata bakwai ya yi yana sayar da rake a bakin ƙofar wani barikin sojan sama. Ko inuwar jirgi bai taɓa takawa ba, sai dai ya ji ƙara ya ɗaga kai, bakinsa a buɗe. Da zai dawo gida, ya shiga gwanjo ya sayi tsohuwar rigar kanikawa mai zif har wuya, ya haɗa da baƙin tabarau. Yana sauka tashar Gwandu ya ce daga yau shi matuƙin jirgin yaƙi ne.

Kullum bayan la'asar sai ya zo majalisa gindin darbejiya, cikin rigar nan, gumi na tsiyaya, ya hau ba mutane tarihi.

"Ku mi kunka sani? Jirgin yaƙi na farko, da katako da ƙyalle anka yi shi."

Aka fashe da dariya, aka ce ƙarya yake. Ita kaɗai ce gaskiyar da ya faɗa ranar, ita ma a bakin wani kofur ya tsince ta. Da ya ga gaskiya ba ta da kasuwa, sai ya sauya layi.

"Yaƙin Hitila, ni kaɗai na kakkaɓo jirage goma."

Abokinsa Abu mai faci ya ce, "Yaƙin Hitila? Lokacin ko babanka ba a haihwa ba."

"Ka ji jahilci. Abu, lokacin sama daban ne da na ƙasa."

"To da mi ka kakkaɓo su?"

"Tara da harsashi. Da harsashi ya ƙare sai na buɗe taga na yi ta zagi. Na goman, zagi ya kada shi."

Wasu suka ce ikon Allah. Shi kuwa gogan naka ya gyara tabarau.

Ana nan ya ga wata malamar firamare, Jidda, 'yar Kalgo, da ta zo suna Gwandu. Ya bi ta ya zazzage mata jiragensa goma. Ta saurara har ya gama, ta yi murmushi.

"Matuƙin jirgin yaƙi? To ka zo ka gaida babana. Za ku sha hira."

Gogan ya ce aure ya ɗauru. Ya roƙi Abu ya kai shi a mashin.

Tun kafin su kai Kambaza ya ƙanƙame Abu kamar kaska.

"Sannu-sannu, Abu! Kashe ni za ka yi?"

"Giya ta biyu nike hwa. Kai da ka tsere wa harsashi a sama?"

"Sama akwai rami? Sama akwai awaki?"

Haka suka lallaɓa, masu keke na wuce su, har Kalgo.

Mahaifin Jidda, Baba Lawali, tsoho ne siriri mai furfura, zaune a zaure kan kujerar roba, sandarsa jingine da bango. Gogan ya shiga ya ƙame, ya sara da hannun hagu, sannan ya zube kan tabarma.

Tsoho ya dube shi daga tabarau har silifa.

"Jidda ta ce jirgin yaƙi kake tuƙi."

"Awo, Baba. Har kwana-kwana nike sha da shi a sama."

"Wane iri?"

"Duk wanda na iske da mabuɗi a jiki."

"Ka san Alfa Jet?"

"Alfa? Allah shi ƙara mai lahiya! Bayanshi nike sallar Juma'a. Mutum ne mai karatu."

Abu ya sunkuyar da kai. Tsoho ya yi gyaran murya.

"Mig fa?"

"Mi?"

"Mig."

"Ni ma abin da nike tambaya ke nan, Baba. Mi?"

"To bar shi, ya tsufa. Na zamaninku, Tukano?"

"Tukwane sai mata, Baba. Mu hafsoshi ba mu shiga madahi."

Daga cikin gida aka ji wata ta ƙyalƙyale da dariya har da tari. Gogan ya ɗauka yabo ne, ya ƙara miƙe ƙafa.

Tsoho ya ce, "Tambaya ɗaya ta rage. Kana sama, inji ya mutu. Mi za ka yi?"

"Sai in faka gehe."

"Gefen mi?"

"Gehen hadari. In sa yaran da ke baya su sauka su tura."

Baba Lawali ya juya. Ya miƙa hannu bayan kujera ya jawo wani hoto a cikin gilashi, ya aje a gabansa. Saurayi ne tsaye kusa da jirgi, hular ƙarfe a hammata.

"Wanga ni ne. Shekara ashirin da biyu ina tuƙin jirgin yaƙi. Mig na fara, na gama da Alfa Jet. Na je Laberiya. Abokaina huɗu sun tashi da safe, ba su sake sauka da ƙafarsu ba. Kunnena na dama har yau ba ya ji."

Abu ya fara ja da baya yana laluben takalmi. Gogan kuwa ya ɗaga hoto ya juya shi, ya girgiza kai.

"Ikon Allah! Shekara ashirin da biyu, Baba, kuma ba mu taɓa gamuwa a sama ba? Wace hanya kake bi?"

Daidai nan Jidda ta yi sallama, ta shigo da tuwon shinkafa da miyar kifi, man shanu na narkewa a kai. Ta aje a tsakiyar tabarma, ta koma bakin ƙofa ta tsaya, mayafi a bakinta, kafaɗunta na rawa.

Tsoho ya ɗauki sandarsa ya nuna ƙofa.

"Tashi."

Gogan ya dubi tuwo.

"Na ce tashi!"

Sai ya naɗe hannun riga, ya jawo kwano gabansa.

"Haba Baba, kai da ka san aiki. Ina ka taɓa ganin jirgi ya tashi bai sha mai ba?"