Honarabul Semesa Ya Ja Wa Teku Kunne

Allah ya yi wa ƙauyen Vatuloa baiwa da Honarabul Semesa Rokodrava, wakilinsu a majalisa, Katangar Teku, Dodon Igiyar Ruwa. Tun da aka halicci tsibirin ba a taɓa samun mai son talakawa irinsa ba. Har hotonsu ya rataya a ofishinsa, don kada ya wahalar da su da ziyara.

Shekara uku teku na cin ƙauyen. Ya cinye bishiyoyin kwakwa, ya zuba gishiri a gonakin rogo, ya soma lasar maƙabarta. Mutane suka roƙi duwatsun yin katanga. Honarabul, da yake mai hangen nesa ne, ya kawo musu abin da ya fi dutse nauyi: doka mai shafi ɗari da goma sha biyu. Wata takwas aka yi ana gardama a kan inda sunansa zai zauna a bangon dokar. Da aka zo jera kayan tarihin da za a kare, gidan da aka haife shi ne na ɗaya. Cocin da kakanni suka gina ya samu na tara.

Ya sa ranar ƙaddamarwa, a bakin teku, da la'asar. Masunta suka ce ranar ruwa zai cika ya batse. Ya duba takardar tsarin biki, ya ce bai ga cikar ruwa a ciki ba.

Ya iso da zane sabo fil da sarƙar furanni har uku a wuya. Ya shanye ƙoƙon kava, abin shan gargajiya na karrama baƙo, ya hau tebur da dokar a hannu don na baya su more ganinsa.

"Jama'ata! Daga yau teku ya san da wa yake yi!"

Wata tsohuwa da ta san uwarsa Mereoni, Bubu Litiana, ta miƙe. Kabarin mijinta ne na gaba a bakin ruwa, taku huɗu ya rage.

"Ɗan Mereoni, ni ban iya karatu ba. So nake a kwashe min ƙasusuwan mijina Tevita a kai tudu. Yau."

"Haba Bubu! Sashe na arba'in ya hana. Duk abin da ya haura shekara hamsin a bakin gaɓa kayan tarihi ne, ba a gusar da shi sai da izinin kwamiti."

"Wane ne kwamitin?"

"Ni ne shugaba. Za mu zauna bayan Kirsimeti."

Ya shiga karanta musu dokar. Yana sashe na hamsin ruwa ya shigo ƙarƙashin tabarmi. Maza suka saɓi shebur suka nufi maƙabarta, mata suka bi su da sababbin tabarmi na naɗe mamata. Gwano ba ya jin warin jikinsa: Honarabul ya ɗauka jawabi ne ya ratsa su.

Sai da ya ɗago kai neman tafi ya ga teburinsa ya zama tsibiri. Ashe Dodon Igiyar Ruwa bai iya iyo ba.

"Kai! Ku zo ku ɗauke ni! Umarni ne!"

Bubu Litiana ta juyo daga gangaren tudu, rungume da ƙunshin mijinta.

"Shekarunka nawa, ɗan Mereoni?"

"Sittin da biyu! Ina ruwanki?"

"To, kayan tarihi ne kai. Mu ba ma karya doka sau biyu a rana ɗaya. Jira kwamiti."