Buzuzu a Cikin Hulata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Kawu Sale, ƙanin mahaifina, ya kai ni Kafin Hausa gaida mahaifin Hadiza, yarinyar da nake nema.

Da gemuna, ina koyarwa a wata firamare a Haɗeja, amma ban daina ƙera jiragen sama da totuwar kara ba, 'yan mitsi-mitsi kamar ɗan yatsa. Injin kuwa buzuzu ne. Sai in ɗaura shi da zare a jikin jirgin, ya buɗe fiffike ya ja. (In ya gaji ina kwance shi, kada a ce ba ni da imani.)

Ran nan na gama ɗaura wani ƙato ke nan sai ga sallamar Kawu. Don kada ya gani, na cusa jirgin a hula na kifa a ka, da niyyar in yar a hanya. Buzuzu ya yi lamo, Kawu ya cika ni da huɗuba a kan babur cewa Alhaji, mahaifin Hadiza, ba ya ba sakarai 'yarsa, ni kuwa na sha'afa.

Alhaji mai shanu ne, turkensu yana jikin zaure. Ina durƙusawa, buzuzu ya jiyo warin kashin shanu. Sai hulata ta fara ƙugi.

A gaban suruki ba a susa, balle cire hula. Na sunkuyar da kai don ladabi, hular ta zame ta faɗi. Jirgi ya tashi, ya zagaya zauren, ya gogi rawanin Alhaji, ya nufi turke. Gaskiya ban taɓa ƙera wanda ya tashi da kyau haka ba, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Alhaji ya bi shi da ido har ya sauka, sannan ya dubi Kawu.

"Malam Sale, ba mu ƙi ba. Amma a bar yaron nan shekara guda ya gama wasansa."

Kawu ya tada babur, muka juyo Haɗeja.

Na jira shekarar, aka ba ni Hadiza. Darasin da na koya shi ne, in za ka ɓoye shirmenka, kada ka ɓoye mai fiffike. Har yau in na durƙusa gaida Alhaji, sai ya ɗan saurari hulata kafin ya amsa.