Ranar da Na Kai Ƙarar Masta Kofi

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da safiyar Larabar da na ɗauko jandarma da ƙafata na kai su garejin Masta Kofi ba. Har babbar riga na sa don wannan aiki, ni da ba na rabuwa da kayan baƙin mai.

A lokacin ni makanike ne a Birnin Konni, ina da garejina kusa da tasha, kuma ina jin kaina ƙwarai. Shekarar da Najeriya ta kori baƙi, mutanen Gana suka yi ta ratsowa ta garinmu da buhunansu. Yawanci sun wuce, amma Kofi ya tsaya. Ya samu gindin wani dogon yaro can bayan garejina, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoninsa. Da farko har tausayinsa na ji, na aika masa da fura.

Ashe mutumin ya san famfon gazuwal, wato man dizal, na manyan motoci kamar shi ya ƙera shi. Ni kuwa (tunda yau ranar faɗin gaskiya ce) abin da na sani game da famfon nan shi ne in kwance shi, in wanke, in mayar, in ɗan buga masa guduma, in ce wa direba ya tafi da bismilla. Kofi sai ya kara kunne jikin inji, ya faɗi abin da ke damunsa kafin ya taɓa. Cikin wata shida direbobin da ke ɗaukar albasar Galmi da sumuntin Malbaza suka koma wajensa ɗaya bayan ɗaya. Su wuce ta ƙofata, su ɗaga mini hannu cikin mutunci, su zarce. Na ji zafin abin, don ba abincina kaɗai ke tafiya ba, sunana ma yana bin sa.

Nan take na zama mai kishin ƙasa. Kowace safiya a teburin mai shayi ina bayani kan yadda baƙi suka cinye ayyukan 'yan ƙasa, da yadda ya kamata gwamnati ta tace su, wanda ba shi da takarda a sa shi a mota. Ban taɓa tuna cewa malamin da ya koya mini lissafi a lakwal ɗan Benin ne ba, ko cewa magini ɗan Togo ne ya yi wa mahaifina shago. Masu sauraro suna ta gyaɗa kai suna cewa gaskiya ne, alhali motocin rabinsu suna gindin dogon yaron Kofi a daidai wannan lokaci. Wani ma ya ce irina ake nema a gwamnati, ni kuma na yarda da shi.

Da zugar ta ishe ni sai na tafi buro, wato ofishin jandarma, na shaida wa shugabansu, wanda ake kira shef, cewa akwai baƙon da ke aiki ba takarda. Ban bincika ba. A ganina mutumin da aka koro da buhu ɗaya ina zai samu takarda? Shef ɗin dogo ne marar yawan magana. Ya dube ni, ya ɗauki hularsa, ya kira wani jandarma, muka fito. Ranar kasuwa ce, ga shi tun jiya na gaya wa mutanen teburin shayi su zo su ga aiki, saboda haka kafin mu isa mun tara jama'a kamar ana rakiyar ango.

Muka tarar da Kofi a ƙarƙashin motar Baba Nomau, wani tsohon direba abokin marigayi mahaifina. Ya fito, ya wanke hannu, ya gaida shef da Hausarsa ta zangon Kumasi. Da aka tambaye shi takardu sai ya jawo wani gwangwanin biskit daga akwatin kayan aikinsa. Fasfo, takardar zama, takardar lanho (haraji ke nan), ta izinin sana'a, ta allurar rigakafi, har da shaidar makarantar da ya koyi aiki, kowace a cikin ledarta. (Daga baya na gane cewa wanda aka taɓa kora sau ɗaya ba ya wasa da takarda.) Shef ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar masa.

Da na yi shiru a nan, da na koma gida da 'yar kunyata daidai ɗauka. Amma idon jama'a yana kaina, ga babbar riga. Sai na matsa na ce wa shef ya duba da kyau, don baƙin nan sun iya buga na jabu.

Ya juyo a hankali ya miƙo mini hannu. "To, kawo naka mu gwada da shi."

Na shafa aljihun dama, na shafa na hagu, kamar akwai abin da nake sa ran samu. Ban taɓa yin katin ɗan ƙasa ba. Me zan yi da shi? Kowa a Konni ya san ni, ya san gidanmu. Na ce masa ai ni ɗan gari ne, nan aka haife ni, a tambayi kowa.

Baba Nomau, Allah ya ji ƙansa, mutum ne da ba ya iya jin kuskure ya ƙyale. Ya taso daga kan bencinsa da niyyar taimakona.

"A'a ɗana, kak ka yi ma hukuma ƙarya. Gwadabawa anka haihe ka. Ni nik kai uwarka goyon ciki gidansu da motata, sai da tag gama wanka anka maido ku. Kakanka ko daga Sakkwato yaz zo da goro."

Gwadabawa dai tana cikin Najeriya, kuma ba wanda ya fi shef sanin haka. Na waiga in nemi wanda zai yi mini shaida cikin mutanen teburin shayi, sai na ga wuri ya yi fili. Wanda ya ce irina ake nema a gwamnati na hango ƙeyarsa yana shan kwana wajen 'yan tumatir. Ban ga laifinsu ba yanzu, don rabinsu in aka tona, uwayensu ma can suka je goyon ciki.

Shef ya ce abu biyu ne. Ko in bi su buro in zauna har a gama bincike, ko wani mai cikakkun takardu ya tsaya mini. Baba Nomau ya laluba, lasin tuƙi kawai ya samu. Ina tsaye ina tunanin yadda labari zai isa gidan surukaina kafin azahar.

"Ni zan tsaya masa," in ji Kofi. "Maƙwabcina ne. Ran da na zo garin nan shi ya fara ba ni abin sha."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Shef ya rubuta sunansa a matsayin mai tsaya mini, kuma (ina zargin da gangan, don na ga gefen bakinsa yana motsi) ya ce kowace safiya in je in nuna fuskata ga mai tsaya mini har ranar da zan kawo takarda.

Takardar nan ta ci wata uku. Sai da na nemo tsofaffin da suka shaida cewa a Konni aka haifi mahaifina, na yi ta zarya tsakanin kotu da buro. Kullum da safe kuwa ina gindin dogon yaro ina cewa, "Masta, ina kwana, ga ni." Bai taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Satin farko ina gaisuwa in gudu. A na biyu ya ce in riƙe masa wani ƙarfe tunda ina tsaye. A na uku na tambaye shi, ina kallon ƙasa, me yake saurare in ya kara kunne jikin inji. Ya matsa mini wuri a kan buhu ya ce in zauna.

Abin da na koya shi ne, kafin ka ce a duba aljihun wani, fara shafa naka tun a gida. Kofi ya koma ƙasarsu bayan wasu shekaru, direbobi suka dawo wajena, don a lokacin na iya famfon. Sai dai har yau, da furfurata da jikokina, in baƙon direba ya shigo tasha yana neman mai gyara, ba wanda ke faɗin sunana. Cewa suke a kai shi wajen yaron Kofi, ni kuma in amsa.